Kama Da Wane Ba Ta Wane: Yadda Ake Gane Ƙwaron Tsinke A Kurmi

Filin Mu San Halittu

A wannan fitowa za mu nufi kudu mu shiga kurmi, watau dajin nan mai duhu da yawan ruwan sama wanda ya lulluɓe kudancin Kamaru, ya bi ta Gabon har ƙasashen Kwango biyu. Iyalai da dama daga cikinmu sun daɗe da zama a garuruwan da ke bakinsa, irin su Ebolowa da Sangmelima da Bartuwa da Kumba, wasu don fatauci, wasu don aikin gwamnati, wasu kuma sun mallaki gonakin koko. Yaran da suka tashi a can suna cin karo da halittu iri-iri, kuma sau da yawa sukan dawo gida da tambayar da uba ko uwa ba su tanadi amsarta ba.

Daga cikin waɗannan halittu akwai ƙwaron nan da mutum zai rantse tsinke ne ko busasshen reshe, sai kawai ya ga ya ɗaga ƙafa ya kama tafiya. Abu biyu kan faru idan an gamu da shi. Ko dai tsoro ya sa a take shi bisa zaton yana da dafi, ko kuwa yaro ya saba kai hannu ga duk abin da ya yi kama da tsinke mai motsi. Na farkon kisa ne na banza, na biyun kuwa ganganci ne da zai iya kai mutum ga halaka, domin tsinke mai motsi a kurmi ba iri ɗaya ba ne. Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane. Kamanni yana ruɗin ido, amma ƙirar jiki ba ta ƙarya, kuma duk wanda ya san inda zai duba zai iya rarrabe waɗannan halittu ba tare da ya taɓa su ba.

Wane ne ƙwaron tsinke?

Da Faransanci ana ce masa phasme, sunan da yaranmu ke gani a littattafan makaranta. Asalin kalmar daga harshen Girka take, ma'anarta fatalwa, watau abin da yake gabanka amma kamar ba ya nan. Daga nan masana suka raɗa wa danginsa baki ɗaya suna Phasmatodea. Mu a wannan fili za mu riƙa kiran sa ƙwaron tsinke. An bayyana fiye da iri 3,000 a duniya, kuma ana samun su a kowace nahiya ban da Antatika mai ƙanƙara. Sai dai sun fi yawa a dazuzzukan kurmi na kudu maso gabashin Asiya, da Kudancin Amurka, da Niyu Gini da arewacin Ostireliya. Tsibirin Borniyo kaɗai yana da fiye da iri 300.

Dukkansu ganye suke ci. Babu mai farauta a cikinsu, babu mai shan jini, babu mai ƙari irin na kunama ko zuma. Galibinsu da dare suke kiwo. Da rana sai ƙwaron ya miƙa ƙafafunsa na gaba su haɗe da kansa, ya sandare a jikin reshe, ya wuni a haka. In iska ta kaɗa, shi ma sai ya riƙa rangaji kamar sauran rassa. In an taɓa shi, yakan saki reshen ya faɗi ƙasa ya yi kamar ya mutu. In kuwa tsuntsu ko ƙadangare ya cafke shi ta ƙafa, sai ya tsinke ƙafar ya bar wa maƙiyi, ya tsira da sauran. Ƙaramin da bai gama girma ba yakan mayar da ƙafar sannu a hankali duk lokacin da ya yi saɓa, amma babba ya rasa ta ke nan, domin ya daina saɓa.

Ido kafin hannu

Kafin a yi maganar ƙwari, wajibi ne a fara da gargaɗi. A kurmin Kamaru da na maƙwabtanta akwai wani siririn maciji da masana ke kira Thelotornis, mai launin toka-toka da ruwan ƙasa kamar ɓawon itace, saman kansa kore. Yakan miƙe rabin jikinsa daga cikin ganye ya tsaya cik, har tsuntsaye da hawainiya su matso kusa da shi. Ba mai yawan sara ba ne, amma dafinsa yana hana jini daskarewa, kuma babu maganin dafi da aka yi musamman dominsa. Saran wani maciji na wannan gida ne ya yi ajalin shahararren masanin macizai na Jamus, Robert Mertens, a shekarar 1975. Idan masani ya gamu da haka, ina ga yaro? Saboda haka doka ta farko ita ce, duk tsinken da ya motsa, a tsaya nesa kaɗan a ƙirga ƙafafunsa da ido.

In babu ƙafa ko ɗaya, a ja da baya, maciji ne. In ƙafafu takwas ne, gizo-gizo ne, domin akwai gizo-gizo masu dogon jiki da kan miƙe a jikin ciyawa kamar tsinke. In shida ne, to, ƙwaro ne, sai a ci gaba da bincike. A nan akwai wurin kuskure guda biyu. Ƙwaron tsinke da ke hutawa yakan bayyana kamar mai ƙafa huɗu, saboda na gaban sun haɗe sun zama kamar ci gaban jikinsa. Sa'an nan wanda ya taɓa tsira daga bakin tsuntsu ana iya samun sa da ƙafa biyar, ko kuma ɗaya ta fi sauran gajarta.

Tambayoyi biyar

Da zarar an tabbata ƙwaro ne, akwai tambayoyi biyar da za a yi wa jikinsa.

Ta farko, yaya ƙafafun gaba suke? Na ƙwaron tsinke dogaye ne sirara, na tafiya ne kurum, kuma a gindinsu akwai ɗan lanƙwasa inda kai ke shiga idan ya miƙa su gaba. In an ga ƙafafun gaba masu kauri, masu jerin ƙayoyi, a naɗe kamar wuƙar aska, wannan ƙoƙi-ƙoƙi ne, wanda Faransawa ke kira mante religieuse. Mutane da yawa sukan haɗa su biyun su ba su suna ɗaya, alhali kuwa ɗaya maharbi ne, ɗaya makiyayi. A Afirka akwai ƙoƙi-ƙoƙi da suka ƙware wajen kama da reshe, irin su Popa spurca mai launin ɓawon itace, da na gidan Heterochaeta masu tsawon da ya haura santimita 10, kuma su ne suka fi ruɗin mutane.

Ta biyu, yaya kai yake? Kan ƙoƙi-ƙoƙi mai kusurwa uku ne, da manyan idanu, kuma yana juya shi ya bi ka da kallo. Kan ƙwaron tsinke ƙarami ne mai ɗan tsawo, idanunsa ƙanana, bakinsa na tauna ne, ba ya kuma waiwayen kowa. In an ga baki mai tsini kamar allura a lanƙwashe ƙarƙashin kai, wannan wani dangi ne dabam, na masu huda da tsotsa. Daga cikinsu akwai ƴan ƙanana masu ƙafafu kamar zare, da masana ke kira Emesinae, waɗanda wasunsu kan shiga saƙar gizo-gizo su yi farauta.

Ta uku, yaya ƙafafun baya suke? In cinyoyinsu sun fi na sauran kauri da tsawo, kuma ƙwaron yana tsalle, fara ce. A bakin gonaki muna da siririyar fara mai tsinin kai, ta gidan Acrida, wadda ke ɓacewa cikin ciyawa. A kurmin Kudancin Amurka kuwa akwai dangin fara da ake kira Proscopiidae, waɗanda suka yi kama da ƙwaron tsinke har baƙi masu yawon buɗe ido kan ɗauke su hoto da sunansa. Abin da ke tona asirinsu shi ne dogon kai mai tsini da idanu can kusa da ƙarshensa, da gajerun ƙahonni, da kuma tsallen da sukan yi in an matsa musu. Ƙwaron tsinke tafiya yake yi a hankali, yana rangaji.

Ta huɗu, ina ƙafafun suke a jiki? Ƙirjin kowane ƙwaro gaɓa uku ne, kowace gaɓa da ƙafa biyu. A jikin ƙwaron tsinke gaɓar farko gajera ce, ta biyu doguwa ƙwarai, don haka ƙafafun gaba suna dab da kai, sauran kuma a warwatse suke da tazara a tsakaninsu. A jikin ƙoƙi-ƙoƙi gaɓar farko ce doguwa kamar wuya, ƙafafun tsakiya da na baya kuma suna kusa da juna.

Ta biyar, a ina aka same shi, kuma me yake yi? Wanda aka gani cikin kududdufi ko bakin rafi, da dogon zare a gindinsa, shi ne Ranatra, maharbin ruwa, kuma zaren nan bututun shaƙar iska ne, ba ƙari ba. Wanda aka gani a tsaye a karkace jikin reshe, mai taushin jiki, yana tafiya yana ninke bayansa kamar mai awon ƙasa da taƙi, tsutsa ce, wadda wata rana za ta zama ɗan uwan malam-buɗe-littafi mai tashi da dare. Wanda aka iske yana gutsurar gefen ganye bayan magariba, mai tauri, mai ƙafafu shida sirara iri ɗaya, shi ne ƙwaron da muke nema.

Mai karatu zai lura ba mu sa launi ko tsawon ƙahonni cikin tambayoyin nan ba. Dalili shi ne ba abin dogaro ba ne. Iri ɗaya yana iya fitowa kore ko ruwan ƙasa. Ƙahonni kuma, watau zare biyun nan da ke gaban kai, dogaye ne a wasu, amma a ƙwarin tsinken ciyawa na Afirka, irin na gidan Clonaria, gajeru ne. Haka nan fukafukai: wasu ba su da su sam, wasu suna da ƴan guntaye, wasu kuma suna da manya da suke naɗewa a baya, su buɗe su farat ɗaya don su firgita maƙiyi da launinsu.

Daga dangi zuwa iri

Sanin cewa wannan ƙwaron tsinke ne aiki ne mai sauƙi. Sanin wane iri ne daga cikin fiye da 3,000, nan ne gizo ke saƙa, har ga masana. Babban dalili shi ne namiji da mace ba sa kama da juna. Mace ta fi girma da kauri, kuma a ƙarƙashin ƙarshen cikinta akwai wani ɓawo mai siffar kwalekwale wanda ƙwai ke bi ya fito. Namiji ƙarami ne siriri, sau da yawa shi ne mai fukafukan tashi. In an ga ƙarami a bayan babba, ba uwa da ɗa ba ne, miji da mata ne.

Ga misalin da ya nuna girman wannan matsala. Ƙwaron tsinke yana da ƴan uwa a cikin danginsa masu faɗin jiki da suka yi kama da ganye, waɗanda ake samu a Asiya da tsibiran tekun Fasifik. A shekarar 1906 aka bayyana wani gida daga Niyu Gini aka sa masa suna Nanophyllium. Fiye da shekara ɗari duk wanda aka kama namiji ne, ƙarami mai duhun launi, ba a taɓa ganin macensa ba. A gefe guda kuma akwai wata koriya mai faɗi, Phyllium asekiense, da ba a taɓa ganin namijinta ba. A 2018 gidan ajiyar ƙwari na birnin Montreal a Kanada ya sami ƙwan wannan koriyar daga Papuwa Niyu Gini, aka ƙyanƙyashe su, aka rene su. Da suka girma, sai wasu suka fito kamar uwarsu, wasu kuma suka fito Nanophyllium sak. Ashe miji da mata ne aka raba wa gida tsawon shekaru. Masana Royce Cumming da Stéphane Le Tirant da abokan aikinsu suka wallafa wannan a 2020. Abin da duban matattun ƙwari a akwati ya kasa warwarewa, renon ƙwan uwa ɗaya ya warware shi.

Dalili na biyu shi ne shekaru. Ɗan ƙwaron tsinke ba ya bin matakin tsutsa, yana fitowa daga ƙwai da siffar iyayensa, sa'an nan ya yi saɓa kamar sau biyar zuwa bakwai kafin ya balaga. A tsakanin nan launi da ƙayoyi da fukafukai duk suna sauyawa. Akwai ma wani iri na Ostireliya, Extatosoma tiaratum, wanda ɗansa sabon ƙyanƙyasa baƙi ne mai jan kai, yana gudu kamar tururuwa. Shi ya sa masana ba sa yanke hukunci sai a kan babba. Dalili na uku kuma, a wasu ire-iren mace na iya yin ƙwai ya ƙyanƙyashe ba tare da namiji ba. Wanda ake kiwo a makarantun Turai, Carausius morosus, ɗan asalin kudancin Indiya, kusan duk mata ne.

Ƙwai shi ne shaida

Abin da ya fi taimakon masana wajen rarrabe iri da iri shi ne ƙwai. Ƙoƙi-ƙoƙi yana zuba nasa ne cikin wani kumfa da ke daskarewa a jikin reshe. Ƙwaron tsinke kuwa galibi ɗaya-ɗaya yake yin sa, mai tauri kamar ƙwayar hatsi. Wasu sukan sake shi ya faɗo ƙasa, wasu su wurga shi nesa, wasu su binne shi, wasu kuma su manna shi a ganye. Kowane ƙwai yana da ɗan murfi a kansa wanda ɗan ƙwaron ke turewa ya fito, bayan watanni, wani lokaci ma fiye da shekara. A ire-ire da dama akwai wani ɗan tudu mai maiƙo a kan murfin. Tururuwa na son sa, sai ta ja ƙwan zuwa raminta, ta cinye tudun, ta yar da sauran a jujinta, inda zai zauna lafiya har ya ƙyanƙyashe.

Siffar ƙwan da zanen da ke jikinsa sun bambanta daga iri zuwa iri, kamar yadda tsagar fuska take nuna asalin mutum a da. A 2025 masana a Ostireliya, ciki har da Angus Emmott na Jami'ar James Cook, suka bayyana wani sabon iri, Acrophylla alta, daga kurmin tsaunukan arewacin jihar Kwinsland. Macen ta kai wajen santimita 40, nauyinta giram 44, kuma ƙwanta na daga cikin abin da ya tabbatar musu sabon iri ne. Yadda ƙwaro mai wannan girma ya ɓoye wa masana a ƙasar da ta ci gaba a bincike abin lura ne: yana zaune ne can ƙololuwar itatuwa, a tuddai masu tsayin fiye da mita 900, inda ƙafar mutum ba ta kaiwa.

Haka labarin sauran ƙattin yake. A 2008 masani Philip Bragg ya bayyana Phobaeticus chani daga jihar Sabah ta Maleshiya, a tsibirin Borniyo. Tsawon jikin macen santimita 35.7 ne, in an haɗa da ƙafafu a miƙe 56.7, watau ya zarce kamu guda, kuma tana ajiye a gidan tarihin halittu na Landan. A 2014 Zhao Li ya kama wata a yankin Guangxi na ƙasar Sin mai santimita 62.4, ɗaya daga cikin ƴaƴanta kuma ta kai 64. Ba a san wani ƙwaro mai rai da ya fi wannan tsawo ba.

Namu na Afirka

Afirka ma tana da nata ƙattin. Na gidan Bactrododema, masu launin busasshen reshe da ƴan tudddai a kai kamar ɓawon da ya ɗago, wasu matansu kan wuce santimita 20, kuma suna da fukafukai. Amma ƙwarin tsinken nahiyarmu ba su sami binciken da na Asiya da Ostireliya suka samu ba. Sunaye da yawa sun samo asali ne daga tsofaffin ayyuka, kamar kundin da John Westwood ya wallafa a Landan a 1859, da babban littafin Brunner von Wattenwyl da Josef Redtenbacher na 1906 zuwa 1908. Waɗannan malamai a kan busassun ƙwarin da matafiya suka kai Turai suka yi aiki. Ire-ire da dama har yanzu jinsi ɗaya kawai aka sani, ba a bayyana ƙwansu ba, ba a kuma rubuta ganyen da suke ci ba. Ma'anar wannan ita ce, abin da ɗan makaranta zai gani a bayan gonar mahaifinsa a Sangmelima yana iya zama ilmin da babu shi a kowane littafi.

Shin yana cutarwa?

A wurare da yawa ana camfa shi. A wasu ƙasashen Latin Amurka, alal misali, manoma kan ce yana kashe doki in ya haɗiye shi cikin ciyawa. Gaskiyar magana ita ce ba ya harbi, kuma ba ya ɗaukar cuta zuwa ga mutum. Amma akwai abin kiyayewa. Da yawansu suna da wasu ƴan jakunkuna biyu a bayan kai masu fitar da ruwa mai wari. A mafi yawa warin ne kawai, wani ma na Asiya da Ostireliya ƙanshin na'a-na'a yake yi. Sai dai akwai Anisomorpha buprestoides na Fulorida da kewaye a Amurka, wanda ke fesa ruwansa ya nufi ido, ya jawo zafi mai tsanani da dushewar gani na ɗan lokaci. Wasu kuma da ƙaya suke kare kansu, kamar Heteropteryx dilatata na Maleshiya da ke matse yatsa da ƙafafun baya, da mazan Eurycantha na Niyu Gini masu ƙaya a cinya wadda aka ruwaito masunta kan yi ƙugiya da ita. Waɗannan ba na Afirka ba ne, amma dokar ɗaya ce ko'ina: kada yaro ya kai kowane ƙwaro kusa da fuskarsa, a wanke hannu bayan an taɓa shi, in kuma wani abu ya shiga ido a wanke da ruwa mai tsabta da yawa, a tafi asibiti in zafin bai lafa ba.

Ta fuskar gona, akwai inda suke ɓarna. A tsibiran Fiji da Samowa wani iri mai suna Graeffea crouanii yana cinye ganyen kwakwa, a Ostireliya ma wasu kan yi yawa su tsige ganyen itatuwan turare. Amma a gonakin koko na Kamaru sanannun maƙiya su ne ƴan ƙwarin nan masu tsotsar ƴaƴan koko da ake kira kafsid, da ciwon da ke baƙanta kwanso. Manomin da ya ɗauko famfon feshi don ya ga ƙwaron tsinke ɗaya ya yi asarar magani, ya kuma kashe ƙoƙi-ƙoƙi da gizo-gizon da ke rage masa ƙwari kyauta.

Yadda iyali za su yi bincike

Lokacin da ya fi dacewa shi ne farkon dare, da tocila, a gefen hanya ko bakin gona, ba cikin duhuwar kurmi ba. Dole babba ya raka yara, kowa da rufaffen takalmi da sanda, a kuma kula da macizai da kwarkwasa. A duba ƙarƙashin ganye, a nemi inda aka gutsure gefensa, da ƴan busassun kashi a kan ganyen da ke ƙasa. Da rana ana iya shimfiɗa farin zane a ƙarƙashin reshe a kaɗa shi da doguwar sanda, a ga abin da zai faɗo.

In an same shi, hoto huɗu ake bukata: daga sama, daga gefe, kai kusa-kusa, da ƙarshen ciki kusa-kusa. A ajiye tsabar dala ashirin ko kwalin ashana a gefensa don a gane girmansa. A rubuta ranar, da sunan ƙauyen, da itacen da aka same shi a kai. Wannan rubutu shi ne rabin aikin, domin hoton da ba a san inda aka ɗauke shi ba amfaninsa kaɗan ne. In ana so a ɗauke shi, a bar shi ya hau hannu ko sanda da kansa, kada a ja shi ta ƙafa. In mace ce babba, ana iya kwanar da ita dare ɗaya ko biyu cikin kwali mai huji, da ganyen da aka same ta a kai, da farar takarda a ƙasa. Da safe za a ga kashi mai tsawo-tsawo mai rugurgujewa, da ƙwai masu santsi ko zane, masu murfi. A ɗauki hotonsu, sa'an nan a mayar da ita da ƙwanta inda aka samo ta. A gandun daji na gwamnati kuwa, hoto kawai aka yarda, ba a ɗaukar komai sai da izini.

Daga nan sai a nuna wa malamin kimiyyar halittu a makaranta. Mai wayar hannu yana iya sa hotunan a iNaturalist, inda masana daga ƙasashe da yawa ke taimakawa wajen sa suna, kuma akwai kundin sunayen dangin baki ɗaya a intanet mai suna Phasmida Species File. In aka ce maka an gane gidansa amma ba a gane irinsa ba, kada ka ɗauka kasawa ce. Tsayawa inda shaida ta tsaya ya fi laƙaba sunan da ba nasa ba.

Abin da ke cikin hatsari

Mai karatu na iya cewa, duk wannan wahala a kan ƙwaro? Ga labarin tsibirin Lord Howe, gabas da Ostireliya. A da akwai wani baƙin ƙwaron tsinke mai kauri, Dryococelus australis, wanda ya yi yawa a dajin tsibirin har masunta na sa shi a ƙugiya. A 1918 jirgin ruwa mai suna Makambo ya kafe a gaɓar tsibirin, ɓeraye suka sauka, cikin ƴan shekaru aka daina ganin ƙwaron, aka ɗauka ya ƙare. A 2001 masana David Priddel da Nicholas Carlile da abokansu suka hau wani tsauni mai tsini a tsakiyar teku, Ball's Pyramid, kimanin kilomita 23 daga tsibirin. Da rana suka ga kashin ƙwaro a ƙarƙashin wani ɗan itace, sai aka koma da dare da fitila, aka iske shi da rai. Ƙidayar da aka yi a wurin ba ta wuce 24 ba. A 2003 aka kai namiji da mace gidan namun daji na Melbourne, inda aka hayayyafa dubbai. Duk da haka shakka ta rage, domin ba su yi kama sosai da tsofaffin da ke ajiye a akwatuna ba, sai a 2017 binciken ƙwayoyin gado ya tabbatar iri ɗaya ne. Wanda ya lura da ɗan kashi a ƙarƙashin itace shi ya buɗe hanyar ceton iri guda.

Wasu ire-iren duk duniyarsu ƴar ƙarama ce. Peruphasma schultei, baƙi mai rawayen ido da jan fiffike, wanda aka bayyana a 2005 daga tsaunukan arewacin Feru, an san shi ne a filin da bai kai hekta 5 ba. Gona ɗaya in aka share ta isa ta shafe irin wannan. A Kamaru an keɓe gandun Korup a 1986, an sa gandun Dja mai faɗin murabba'in kilomita 5,260 cikin wuraren gadon duniya na UNESCO a 1987, amma a wajensu ana ci gaba da sare kurmi don katako da gonaki da hanyoyi. Ƙwaron da ba ya tashi nesa, mai dogara ga ƴan itatuwan da ya saba ci, ba shi da inda zai gudu, kuma wanda ba a san sunansa ba babu mai lura ranar da ya ɓace.

Saboda haka, iyaye, idan yaro ya zo da gudu ya ce ya ga tsinke na tafiya, kada a ce masa kashe shi, kada kuma a ce masa ɗauko shi. A tashi a bi shi, a tsaya nesa kaɗan, a ƙirga ƙafafu tare, a duba na gaba, a duba kai, a duba na baya. Yaron da ya koyi tambayar shaida kafin ya yanke hukunci a kan ƙwaro, ya koyi abin da zai amfane shi a kan abubuwan da suka fi ƙwaro girma.